Gwajin kwantrola a kan tebur kafin a kai ta gona: tambayoyi da amsoshi

Daga Kura da Garun Malam har zuwa Auyo da Haɗejiya, famfunan sola sun shiga noman rani, injinan ƙyanƙyasar ƙwai sun shiga gidaje, matasanmu kuma sun fara haɗa wa waɗannan injina kwantrola da hannunsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin yaran shago, da ɗaliban kwalejojin fasaha na Kazaure da Dutse da Haɗejiya, da na jami'o'in Wudil da Bayero masu aikin kammala karatu. Duk a kan abu ɗaya suke: yadda za a wahalar da kwantrola a cikin shago, ta ga ƙafewar rijiya da tsinkewar waya da ɗaukewar wuta, kafin a damƙa mata dukiyar wani.

Mece ce kwantrola, kuma me ya sa gwajinta ya bambanta da na sauran kayan lantarki?

Kwantrola ita ce ƙaramar na'urar da ke yanke wa inji shawara. Aikinta uku ne, tana maimaita su ba hutu: ta auna, ta kwatanta abin da ta auna da abin da ake so, ta ba da umarni. A injin ƙyanƙyasa, sensa ce ke gaya mata zafin cikin akwati, ita kuma ta san ana son ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 37.8. In ya sauka ta kunna hita, in ya hau ta kashe. A famfon sola, ƙarfin rana take dubawa da yawan ruwan tanki, ta ƙara wa moto gudu ko ta rage.

Abin da ya fitar da gwajinta daban shi ne umarnin da ta bayar yana komowa kanta. Ta kunna hita, zafi ya tashi, sensa ta kawo sabon labari, ta sake shawara. Zagaye ne rufaffe. Caja ko rediyo kana iya ɗora su a tebur ka auna da mita ka ce lafiya lau. Kwantrola kuwa, in ba a haɗa ta da abin da take sarrafawa ba, ko da wani abin da zai yi kamarsa, ba za ka ga halinta ba: ko tana zarcewa, ko tana kai-komo ba ta zama wuri ɗaya, ko nawa gare ta.

Me ake nufi da gwaji mai bin agogo? Ba kwamfuta mai sauri ake nufi ba?

A'a. Sauri daban, cika alƙawarin lokaci daban. Idan ka sa kwamfuta ta kwaikwayi tanki da lissafi, tana iya cika tankin awa biyu cikin ƙiftawar ido, ko ta tsaya ta yi wani aiki ta dawo. Muddin lissafi ne ke magana da lissafi, ba komai. Amma da zarar ka jona kwantrola ta gaske da waya, agogonta ba ya jiran kowa. Dole sakan ɗaya na tankin ƙarya ya zo daidai da sakan ɗaya na agogon bango.

Ga yadda ake yi. Ana yanka lokaci gunduwa-gunduwa daidai wa daida, a ce milisakan 1 kowace. Cikin kowace gunduwa, na'urar kwaikwayo za ta karanta umarnin kwantrola, ta lissafa abin da zai biyo baya, ta fitar da amsa a kan wayoyin sensa, sannan ta jira ta gaba. In lissafin ya ci milisakan 1.2, ta makara, kuma amsar da ta makara kuskure ce ko da lissafinta daidai ne. Bayan makara akwai rawar lokaci, wato wannan gunduwa ta zo da wuri kaɗan, ta gaba ta yi latti kaɗan. Yadda ake auna su biyun yana cikin amsar da ta yi magana a kan laftof.

Ina jin ana cewa MIL, SIL, HIL. Matakai nawa ne, kuma dole sai an bi su duka?

Huɗu aka saba bi, kowanne yana cire ƙarya ɗaya ya sa gaskiya a gurbinta. A MIL komai lissafi ne cikin kwamfuta, da dabarar kwantrola da injin da za ta sarrafa. A SIL an rubuta dabarar da ainihin harshen da za a loda, galibi C, amma har yanzu cikin kwamfuta take gudu. A PIL an loda ta cikin ainihin aisin da zai yi aikin, wato ɗan guntun lantarkin (IC) da ke kan allo, don a ga ko ƙwaƙwalwarsa ta isa da kuma lokacin da lissafi ke ci. Waɗannan ukun ba lalle ne su bi agogo ba. HIL shi ne kwantrola cikakkiya, da allonta da wayoyinta da rilenta (makunnin da take kunnawa da kashewa da lantarki), an jona ta da na'urar da ke kwaikwayon famfo ko batir ko akwatin ƙwai. A nan bin agogo ya zama wajibi.

Akwai na biyar da ke juya lamarin, RCP. Injin ne na gaske, kwantrolar ce ta aro: kwamfuta mai bin agogo ta tsaya a matsayinta, kana sauya dabara kana ganin yadda famfo ke amsawa, tun kafin ka kashe kuɗin buga allo. Ga mai ƙaramin shago, a ganina biyu ne ba a tsallakewa: MIL domin kyauta ne, da HIL domin shi ke kama kuskuren waya da na lokaci.

Oga, ga famfo ga rijiya. Me zai hana in jona kawai in gani?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa, kuma ita ta fi damuna. Da farko, famfon ba naka ba ne. Manomin tumatir a Kadawa da ya sayar da buhunan shinkafarsa ya sayi samo da farantan sola, in kwantrolarka ta bar samon yana jan iska har ya ƙone a tsakiyar Maris, kafin a ciro shi a kai Kano a sake masa naɗi a dawo da shi, shuka ta galabaita. Baiwar Allahn da ta zuba ƙwai a inji tana lissafin kwana 21, 'yan awoyi a zafin da ya haura digiri 41 suna iya kashe mata 'yan tsakin tun suna cikin ɓawo. Haƙƙin mutane ne, kuma su ba su yi yarjejeniya da kai cewa a kansu za ka koyi aiki ba.

Na biyu, gona ba ta kawo maka matsala lokacin da kake so. Kana son ganin abin da kwantrola za ta yi in rijiya ta janye, sai ka jira ƙarshen rani. In gajimare ne ya rufe rana farat ɗaya, sai ka jira damina. Ko ya faru, ba mai maimaita maka shi daidai bayan ka yi gyara. A tebur kana iya ƙafar da rijiya sau hamsin kafin azahar, iri ɗaya kowane karo. Masu shanun huɗa sun san wannan tun da daɗewa: ɗan bijimin da ake horarwa gungume ake fara ɗaura masa ya ja a fili, ba a sa shi cikin kunyoyin gero ranar farko.

Kada kuma a ɗauka matsalar ƙananan shaguna ce. Ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta na farko. Manhajar na'urar da ke auna tafiyarta daga Ariane 4 aka ɗauko ta, sai wata lamba ta fi ƙarfin gurbin bit 16 da aka ware mata. Kwamitin bincike ya gano cewa ba a gwada ainihin na'urar da hanyar tafiyar sabuwar rokar ba. A babban gwajin ƙasa, kwaikwayonta aka sa a madadinta.

To yaya teburin gwajin yake a zahiri?

Ɗauki kwantrolar tanki. A dama ga wadda ka haɗa, yadda za ta tafi gona, ba a cire mata komai ba. A hagu ga allo na biyu, a ce STM32 ko ESP32, wanda aikinsa ya yi ƙaryar shi ne tanki da rijiya. Wayar da ya kamata ta je kwantaktar famfo, babban makunnin da ke ba moto wuta, sai ta shiga allon hagu ta cikin PC817, ɗan aisin nan mai ƙafa huɗu da ake cirowa a tsofaffin caja. Wayar da ya kamata ta zo daga sensar ruwa sai ta fito daga allon hagu ta cikin aisin da ke mayar da lamba ta zama bolt, irin MCP4725, a haɗe musu nagetif.

Lissafin allon hagu bai fi layi goma ba. Tanki lita 5,000 ne, famfo na ba da lita 2,000 a awa, wato ɗan abin da ya haura rabin lita a sakan. Duk sakan, in famfo na kunne a ƙara wannan, a ɗebe abin da bututun lambu ke sha, a mayar da jimillar bolt tsakanin 0 da 3.3, a miƙa wa kwantrola. Ita ba ta san babu ruwa ba. Za ka ji rile ya yi ƙas, ka ga lamba tana hawa a laftof. In ba a buɗe bututun lambu ba, awa biyu da rabi za ta kai baki, kai kuma ba sai ka jira ba, fara tankin daga lita 4,900.

Sai ka ƙara maɓallai a gefe: wannan ya ƙafar da rijiya, wannan ya tsinke wayar sensa, wannan ya sa ruwan tangaɗi kamar yadda yake yi in bututu na zuba daga sama. Tangaɗin nan shi ke tona asirin kwantrolar da ba a ba ta tazara tsakanin matakin kunnawa da na kashewa ba. Rile zai kama ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, abin da a gona zai cinye kwantakta ya gajiyar da moto. Sauran matsalolin da ya kamata ka ƙirƙira suna cikin amsar da aka ware musu a gaba.

Waɗanne na'urori manyan kamfanoni ke amfani da su?

Masu ƙera motoci sun fi sanin dSPACE ta Jamus, wadda aka kafa a 1988. Masu harkar manyan layukan wuta suna aiki da RTDS Technologies da OPAL-RT, dukkansu daga Kanada. Typhoon HIL da RT Box na Plexim sun karkata ga inbata da ƙananan tashoshin sola. Speedgoat ta Suwizalan tana tafiya da Simulink na MathWorks, NI ta Amurka kuma tana da PXI da CompactRIO masu aiki da LabVIEW da VeriStand.

Farashinsu kan kai dubun-dubatar daloli, kuma abin da ake biya a bayyane yake: ƙofofin shiga da fita masu yawa da aka daidaita awonsu, akwatin da ke tsinke waya ko haɗe ta da nagetif bisa umarni, tarin samfuran lissafi da aka riga aka tantance, da aisin FPGA mai yin lissafi da yawa a lokaci guda cikin ƙasa da maikurosakan ɗaya. Wanda zai ƙera inbata don sayarwa da yawa yana buƙatar irinsu. Ɗalibi ya fara da tambayar sashensa abin da ke cikin ɗakin gwaji.

Malam, mu ba mu da wannan kuɗin. Me za mu iya haɗawa da abin da ke hannu?

Fiye da yadda kuke zato, in dai abin da ake kwaikwayo mai nawa ne: zafi, ruwa, cajin batir, gudun moto. Arduino Uno yana gudu a megahaz 16, wurin ajiyar aikinsa kilobait 2 ne kacal, awonsa bit 10, wato yana raba bolt 5 gida 1,024. Ba ya fitar da bolt mai hawa da sauka da kansa, sai an tace masa PWM, wato kunna-kashe mai sauri, da rizisto da kafasita. Ya isa kwaikwayon tanki ko akwatin ƙwai. ESP32 yana kai megahaz 240, yana da ƙofofi biyu masu fitar da bolt na bit 8, sai dai awonsa ba ya miƙewa sosai, musamman a can ƙasa da can sama. Ni na fi son STM32F407 a matsayin allon kwaikwayo: megahaz 168, ƙofofin fitar da bolt biyu na bit 12, kuma yana lissafin lambobi masu ɗigo ba tare da wahala ba. Mai sha'awar inbata ya nemi allunan C2000 na Texas Instruments.

Manhaja kuwa akwai ta kyauta: Scilab da Xcos ɗinsa, OpenModelica, GNU Octave, Python. Rizisto da rile da kwantakta ana samu a Sabon Gari, allunan kuma in ba a samu ba a yi oda. In kuɗi ya ragu, a sayi 'yar na'urar duba sigina mai waya takwas da ke aiki da manhajar PulseView. Tana da araha, kuma za ka ga amfaninta a amsar laftof. Abin da waɗannan alluna ba za su iya ba shi ne bin kowane buɗi da rufin tiransistar inbata. Dalilin yana cikin amsar tambaya ta gaba.

Ta yaya zan san girman gunduwar lokacin da ta dace?

Duba abin da ya fi komai saurin sauyawa cikin abubuwan da suka dame ka, ka sa gunduwa ta fi shi ƙanƙanta sau 10 zuwa 20. Sannan na'urar kwaikwayo ta riƙa zagayawa fiye da kwantrola sau da dama, don kada kwantrola ta riƙa karanta tsohon labari. Akwatin ƙwai mintoci yake ɗauka kafin zafinsa ya motsa, sakan ɗaya ya ishe shi. Gudun moto yana son wajen milisakan 1. Wutar layi tana juyawa sau 50 a sakan, kowane juyi milisakan 20, shi ya sa masu kwaikwayon layin wuta suka saba da maikurosakan 50, gunduwa 400 ke nan a kowane juyi. Inbatar da ke buɗewa da rufewa sau 20,000 a sakan kuwa, zagayenta duka maikurosakan 50 ne, don haka sai an sauko maikurosakan 1 ko ƙasa, aikin FPGA.

Akwai hanyar kaucewa. In abin da kake gwadawa dabarar neman ƙololuwar ƙarfin faranti ce, wato MPPT, ba ka buƙatar ganin kowane buɗi da rufi. Yi lissafi da matsakaicinsu, ƙaramin allo zai ɗauka. A kula da abu ɗaya: gunduwar da ta yi girma tana sa samfurin kansa ya kama rawa, ka zauna kana zargin kwantrola alhali laifin na teburinka ne. Raba gunduwar biyu ka sake gwajin. In sakamako ya sauya sosai, ta yi girma.

Laftof ɗina ya fi duk allunan nan ƙarfi. Ba zai yi aikin kwaikwayon ba? Raspberry Pi fa?

Zai yi wa akwatin ƙwai, inda lattin milisakan 50 ba ya sauya komai. Ga moto ba zai yi ba. Windows tana raba lokacinta tsakanin ayyuka da yawa, tana iya ajiye naka ta tafi wani ba sallama. Wayar USB ma tana ƙara nata: aisin FTDI, alal misali, yana iya riƙe ƙaramin saƙo har milisakan 16 a saitinsa na asali. Mafi kyau shi ne allo ya yi lissafi, laftof ya zana hoto ya ajiye bayanai. Raspberry Pi, ƙaramin allon kwamfuta mai aiki da Linux, yana tsakiya. Linux ta karɓi gyaran bin agogo mai suna PREEMPT_RT cikin babbar manhajarta a fitowar 6.12 a 2024, kuma da shi latti yana raguwa ƙwarai. Gwada da manhajar auna latti ta cyclictest, kana ɗora wa Pi ɗin aiki mai nauyi, ka dubi latti mafi muni, ka bar matsakaici. Ka tuna kuma Pi ba ya auna bolt da kansa, sai an ƙara masa aisi.

A kan allo, gani ya kori ji. Ware ƙafa ɗaya ta allon, ka sa manhaja ta ɗaga bolt ɗinta a farkon lissafi ta sauke a ƙarshe, ka kalle ta da osiloskof ko 'yar na'urar siginar nan. Faɗin tudun shi ne lokacin da lissafi ke ci, tazarar tudu da tudu ita ce gunduwarka, karkarwar gefensu ita ce rawar lokaci. In tudun ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na gunduwa, rage lissafi.

Daga ina zan samo samfurin lissafin injin?

Ga abubuwa masu nawa, injin da kansa zai faɗa maka. Jera ledojin fiya wata a tiren akwatin ƙyanƙyasa a madadin ƙwai, domin ƙwai galibinsa ruwa ne, kuma akwatin da ba kaya ya fi saurin ɗumama. Rufe, kunna hita kai tsaye, ka riƙa rubuta zafi duk minti har ya daina hawa. A ce ya tashi daga 30 ya tsaya a 50. Lambobi uku kake nema: yawan hawan, digiri 20 ke nan; jinkirin da aka yi kafin sensa ta fara motsi; da mintocin da ya ɗauka daga nan ya cinye kashi 63 cikin ɗari na hawan, wato ya kai 42.6. Waɗannan ukun sun isa samfurin gwaji. Da irin wannan awo ne Ziegler da Nichols suka fitar da ƙa'idarsu ta saita PID (dabarar kwantrola mai duba girman kuskure da tarinsa da saurin sauyawarsa) a 1942, wadda har yau ake farawa da ita.

Famfo yana zuwa da takarda mai zanen tsayi da yawan ruwa. Ƙara mata wannan ƙa'ida: in gudun famfo mai fanka ya ragu zuwa rabi, ruwan da yake turawa rabi ne, tsayin da zai kai rubu'i ne, wutar da yake ci kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa da sassafe za ka ji famfo na juyi amma ko ɗigo bai isa tanki ba, kuma kwantrolar kirki ta san kada ta bar shi a haka. Lambobin bayan farantin sola an auna su ne a hasken wat 1,000 kan kowace murabba'in mita da zafin digiri 25. A ranar Afrilu farantin ya wuce nan nesa, kuma bolt ɗinsa na raguwa da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri. Da sanyin safiyar hunturu kuma yake kai ƙololuwa. Saka duka biyun a samfurin, sannan ka kwatanta shi da awon yini guda daga gona ta gaske kafin ka yarda da shi.

Waɗanne matsaloli ya kamata in ƙirƙira da gangan?

Fara da sensa, don nan ne asara ta fi fitowa. DS18B20 da kowa ke sa wa a injin ƙwai tana da halaye biyu da ya kamata ka sani. In aka karanta ta kafin ta yi awon farko, 85 take bayarwa. In wayarta ta tsinke, manhajar Arduino da aka saba amfani da ita tana dawo da -127. Kwantrolar da ta gaskata wannan lamba za ta ɗauka akwatin ya daskare, ta bar hita a kunne har ƙwai su dahu. Zare wayar da hannunka a tebur ka tsaya ka gani. Abin da ake so: ta ƙi lambar da ba ta yiwuwa, ta kashe hita, ta yi ƙara. Bayan haka ma, a sa abin yanke wuta mai aiki da zafi a layin hita, wanda bai dogara da manhaja ba. Matsalar tsinkewar waya ce ta sa masana'antu ke son sensa mai miliamfiya 4 zuwa 20: in aka ga sifili, an san waya ce ta tsinke.

A famfo, kwaikwayi jan iska. Wutar da moto ke ci tana faɗuwa, ya kamata kwantrola ta tsaya, ta ba rijiya lokaci ta taru, sannan ta sake gwadawa. Wuce da gajimare a kan farantin ƙarya ka ƙirga sau nawa take tayar da moto. Ɗauke mata wuta a tsakiyar aiki ka dawo da ita: ta tuna ranar da ƙwai suke, ta san a kwana na 18 ake daina juya su? Sai tarkon PID: kwantrola tana kan batir, hita ba wuta tsawon awa guda, ɓangaren da ke tara kuskure ya yi ta tarawa. Wuta na dawowa sai zafi ya zarce sosai kafin ya sauko. Ana magance shi da sa wa tarin iyaka.

Ta wuce duk gwaji, amma bayan kusan wata biyu ta rikice. Me ya faru?

Duba agogon cikinta. Ma'aunin millis na Arduino, mai ƙirga milisakan, bit 32 ne, yana cika ya koma sifili bayan kwana 49.7. Ƙyanƙyasa ɗaya ba ta kai nan ba, amma famfon da ke kan batir duk rani zai kai. In an rubuta kwatancen lokaci ba daidai ba, daga ranar sai ta daskare. Ba sai ka jira kwana hamsin ba: a matakin SIL ko a tebur, fara ma'aunin saura minti ɗaya ya cika. A 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta ba da umarni kan Boeing 787 saboda irin wannan, ma'aunin da ke cika in na'urar janareta ta yi kwana 248 a kunne.

Wasu matsalolin kuma sai ayyuka biyu sun yi karo a lokaci guda suke fitowa. Kwamfutar na'urar bincike Mars Pathfinder ta yi ta sake tashi da kanta a duniyar Mars a 1997, domin ƙaramin aiki ya riƙe abin da babba ke jira. Injiniyoyin sun kama matsalar ne a kan tagwayenta da ke ɗakin gwaji, suka aika gyara. Kai ma ajiye kwafin kowace kwantrola da ka sayar, ka bar ta tana gudu a tebur. Kunna mata kuma ma'aunin tsaro na cikin aisi, mai sake tayar da ita in manhaja ta maƙale.

Yaushe ake saka wuta mai ƙarfi a gwajin?

Bayan an gama da sigina. Duk abin da aka bayyana a amsar tebur ƙananan bolt ne, kuskure ba ya ƙona komai. Akwai matakin da ake haɗa na'urar kwaikwayo da amfilifaya mai ba da wuta ta gaske, PHIL, amma yana da tsada kuma jinkirin amfilifayar kansa na iya jawo rawa. A shago ana kusantarsa da dabara: na'urar ba da wuta mai iyakance amfiya ta tsaya a madadin faranti, ƙwan fitila mai zare a jere da layi ya sha wutar in an yi gajeren haɗi, famfo a cikin duro yana mayar da ruwa inda ya ɗebo, bawul kuma ana matse shi ya zama tsayin tanki.

Ina roƙonku da Allah a kula a nan. Kafasitocin inbata mai aiki da bolt 230 suna riƙe kusan 325, na layi uku kusan 560, kuma suna nan da cajinsu mintoci bayan an kashe. Auna kafin ka taɓa. Tartsatsin wutar farantai ba ya mutuwa da kansa kamar na wutar layi, don haka kada a zare waya famfo na aiki. A sa fiyus, kuma kada yaro ya yi wannan gwajin shi kaɗai.

In ta ci gwajin tebur, shi ke nan?

Saura na gona. Tebur yana nuna abin da ka sa a samfuri ne kawai. Bai san zafin akwatin ƙarfe a rana tsaka ba, bai san ƙurar hunturu ba, ko tururuwar da ke gida cikin rile, ko ɓeran da ke cin waya, ko tsawar farkon damina. Bai san wayar sensa mai tsawon mita hamsin da aka bi da ita gefen wayar moto tana kwaso hayaniya ba, ko batirin da abin da aka rubuta a jikinsa ya fi abin da ke cikinsa. Gwajin gona na farko a yi shi da sanin mai gona da yardarsa, a sa makunnin hannu da zai tsallake kwantrola in ta ba da matsala, a sa katin ajiya yana rubuta awo. Duk abin mamakin da gona ta nuna, a dawo da shi tebur ya zama sabon maɓalli.

Alhaji mai gona ya ce in nuna masa shaidar na gwada. Me zan ba shi?

Takarda ɗaya ta isa, in an rubuta ta da gaskiya. Kowane layi ya ƙunshi abin da aka yi wa kwantrola, abin da ya kamata ta yi, abin da ta yi, da kwanan wata: an zare sensa, ta kashe hita cikin sakan kaza, an ƙafar da rijiya, ta tsaya, ta jira minti kaza. A rubuta lambar manhajar a saman takardar da kuma cikin murfin akwatin. Abin da ba a gwada ba shi ma a faɗa masa: "Ranka ya daɗe, tsawa ban gwada ba, ga abin kariya na sa." In da hali, gayyace shi shago ya zare wayar da hannunsa. Duk ranar da ka taɓa manhajar, ko layi ɗaya ne, sai ka sake bin takardar daga farko zuwa ƙarshe kafin ka loda wa kwantrolar da ke gonarsa.